Babi na Bakwai: Sauya Fok ɗin Gaba na Keke Mai Giya

Darasi na 1: Sanin kayan

Fok shi ne ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba. A irin kekunan hawan dutse da ake saye na hannu a Sabon Gari, ƙafafun suna da sifirin a ciki, suna nutsewa su taso idan taya ta faɗa rami. Idan ƙurar hunturu da ruwan damina suka daɗe suna shiga, sai ya ƙage, ko ya riƙa girgiɗi in an taka birki. To, lokacin sauyawa ya yi.

Ku duba saman fok ɗin. Akwai dogon bututu da ya shige cikin wuyan keke ya ɓullo ta sama, inda kan keken yake ɗaure. Kowa ya ɗora yatsa a wurin. Wannan bututun shi ne duk darasinmu.

Ku tanadi alanki, wato makullin kwance noti mai rami a ka, mai lamba 4, 5 da 6, sifana, guduma, zarton ƙarfe, giris, tsumma, da tef ɗin awo. Wanda ba shi da tef ya ari na tela, ya wadatar.

Darasi na 2: Awo

Kada wanda ya je kasuwa bai yi awo ba. Ku sake karanta layin nan da ƙarfi.

Ku kwance tayar gaba, ku cire wayar birki, ku sassauta notocin kan keke, ku zaro tsohon fok a hankali. Boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke sa kan keke juyawa, zai biyo shi, wani ma ya zube, don haka a shimfiɗa buhu a ƙasa tukuna. Kowane zobe da washa da kuka cire, ku jera su a kan buhun bi da bi, yadda suka fito.

Yanzu awo. Kaurin bututun tsofaffin kekuna iri biyu ne: inci 1, wato milimita 25.4, da inci 1 da 1/8, wato milimita 28.6. Ido ba ya rabe su, sai tef. Yawancin sababbin fok na yanzu gindin bututunsu ya fi samansa kauri, ba sa shiga wuyan tsohon keke ko an yi ta bugu. Ku duba kuma ko saman bututun yana da tiredi, wato zaren da noti ke hawa, ko sumul yake. Irin wanda kuka cire, irinsa za ku nema. Tayar yawancin kekunan nan inci 26 ce, lambar tana rubuce a gefen taya. Ku nemo ta, ku kwafe 2 da 6 a takarda. Ga amfanin karatun da kuke yi. In birkinku mai matse gefen wili ne, ku tabbata sabon fok yana da ƙusoshi biyu da ake ɗaura birkin a kansu, don wani na birkin faifai ne kaɗai.

Sai tsawo. Ku auna bututun daga gindi zuwa sama, ku rubuta. Ku sake aunawa, ku sake rubutawa. In lambobin biyu ba su zo ɗaya ba, ba abin kunya ba ne, a koma. Kowa da haka ya fara. Wanda lambobin tef ke ruɗa shi ya ɗauki tsohon fok ɗin ya tafi da shi kasuwa, ya jera su kafaɗa da kafaɗa. In bututun sumul ne, sabon ya fi tsohon tsawo, babu laifi, ana yankewa. In ya gaza, ku bar wa mai shi kayansa komai arharsa.

Darasi na 3: Yanka

A gindin tsohon bututu akwai zoben ƙarfe da boris ke zama a kai. Ku ɓamɓaro shi a hankali, ku mayar a sabon, ya zauna daram ba karkata.

Kada ku taɓa zarto tukuna. Ku zura sabon fok, ku mayar da boris da washa da kan keke duka, sannan ku ja layi a bututun daidai inda kan keken ya ƙare. Ku zare, ku sauko da milimita 3 ƙasa da layin. Nan ne wurin yanka, ga bututu mai sumul. Kafin zarto ya hau, ku jera da tsohon ku sake dubawa.

Na ga magidanta da furfurarsu sun ɗauki zarto sun yanke da ka, ba layi ba awo, sannan su zo suna cewa, "Malam, ya gajarce." Me Malam zai yi? Ƙarfe ba gashi ba ne da zai sake tsirowa. Kuɗin cefanen gida ne kuka yanke kuka yar. Haba jama'a, awo ne fa kawai aka ce. A auna, a ja layi, a sake aunawa, sannan a yanka.

Darasi na 4: Haɗawa

A buga noti mai kama da tauraro, wanda notin sama ke ɗauruwa a cikinsa, cikin bututu mai sumul, a shafa wa boris giris, a mayar da komai yadda aka jera. A fara ɗaure notin sama kaɗan kaɗan har girgiɗi ya ɓace, sannan na gefen kan keke.

Darasi na 5: Gwaji

A mayar da taya da birki. A matse birkin gaba a tura keke gaba da baya. In an ji ƙwas-ƙwas, a sassauta na gefe, a ƙara ɗaure na sama. Kada a hau titi sai birki ya kama.