Kurakuran da masu fita yawon yini guda ke ta maimaitawa

Duk baƙon da ya sauka a babban birni, kafin ya gama hutawa an jero masa wuraren da ke kewaye da garin da wai bai kamata ya koma gida bai gani ba: wani tsohon gini, wani dutse, wani tafki, wani gidan tarihi. Na gaji da ganin mutane suna fita da safe cike da ɗoki, su dawo da dare fuska a murtuke, alhali abin da ya ɓata musu ranar an sha faɗarsa.

Babban kuskure shi ne fara lissafi daga tafiya maimakon daga dawowa. Mutum ya buɗe taswira a waya da dare, ta ce masa minti 40 ne, shi ke nan ya ɗora duk yininsa a kan wannan magana. Taswirar ta auna hanyar ne a lokacin da ka duba, ba lokacin da ma'aikata suka taso ba. Daga dalar Giza zuwa tsakiyar Alƙahira bai kai kilomita 20 ba, amma wanda ya baro can da yamma ya faɗa cikin cunkoson birnin ya san kilomita ba ta auna komai. Ni kafin in zaɓi inda zan je, lokacin motar ƙarshe ko jirgin ƙasa na ƙarshe nake fara nema, sannan in ajiye wanda ke gabansa a matsayin nawa, na ƙarshen ya zama na ko-ta-kwana. Daga nan nake ƙirgowa baya. Sa'o'in da suka rage su ne yinina, kuma kullum sun fi yadda ake zato ƙanƙanta.

Wanda ya yi wannan lissafi, kwaɗayin haɗa wurare huɗu a rana ɗaya zai sake shi da kansa. Fadar Versailles tana wajen kilomita 20 daga Paris, filin lambunta kaɗai ya kai kusan hekta 800, amma sai ka ga mutum ya rubuta ta tare da wasu wurare biyu kafin magariba. Taura biyu ba ta taunuwa. Wuri babba guda, sai ƙarami a kan hanyar dawowa wanda ko an fasa shi ba a yi asara ba.

Na biyu kuwa har yanzu idan na tuna raina yana ɓaci, wato biyan direban shata kuɗinsa duka tun da safe. Wani direba ya kai mu wani tsohon kango mai nisa da titi, ya karɓi kuɗin zuwa da dawowa cif, ya ce zai ɗan sha mai ya dawo. La'asar ta yi, babu shi. Muka kira, waya a kashe. Mai gadi ya zagayo yana kaɗa makullai, masu sayar da tsaraba suka naɗe tabarminsu ɗaya bayan ɗaya, filin ajiye motoci ya zama wayam sai mu da wata tsohuwa a cikinmu da ba ta iya doguwar tafiya. A bayan motar kaya muka koma gari. Malam, idan ka biya mutum kuɗin dawowa kafin ya dawo da kai, me ka bar masa da zai sa ya jira ka? Rabi da safe, rabi a ƙofar masauki, ko ya yarda ko in nemi wani. A kuma yanke magana tun kafin a tada mota: awa nawa zai jira, wa zai biya kuɗin fakin, nawa ne idan an zarce lokaci. Ina ɗaukar hoton lambar motar a gabansa in tura wa wani. Wasu suna ganin rashin yarda ne. Direban kirki bai taɓa nuna mini ya ji haushi ba.

Sai masu zuwa su tarar da ƙofa a garƙame. Wannan ganganci ne zalla, domin minti biyu ya isa a duba. Taj Mahal, shahararren ginin nan na garin Agra a Indiya, ba ya buɗe wa masu yawon buɗe ido ranar Juma'a, ga shi Agra ta fi kilomita 200 daga Delhi. Fadar Versailles ranar Litinin take hutu, gidan tarihi na Louvre da ke Paris ranar Talata, babbar rufaffiyar kasuwar Istanbul kuma Lahadi. Ka duba shafin hukumar wurin da kanta, ka rabu da bidiyon wanda ya je shekara uku da suka wuce. Ka lura kuma, lokacin daina shigar da mutane daban yake da lokacin rufewa, sau da yawa yana riga shi da rabin awa ko fiye.

Hawan dutse da tsakar rana ma haka. Masu zuwa kogon Hira a Makka suna ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu kafin su kai sama, kuma duk wanda ya san wurin da asuba yake hawa ko bayan rana ta yi sanyi. Amma kullum sai an sami mai farawa da hantsi da 'yar robar ruwa guda.

Sauran ƙanana ne. Kada ka fita da sabon takalmi. Ka sauke taswirar a waya tun kana masauki, don sabis yakan ɗauke a bayan gari. Ka riƙe tsabar kuɗi da canji, ba ko'ina ake karɓar kati ba. Ka tambaya kafin ka ɗauki hoton mutum ko wurin ibada, ginin jami'an tsaro kuwa ko tambayar ma kada ka yi. Ruwan da ba ka san zurfinsa ba kada ka shiga, balle da damina, lokacin da ruwan da aka yi a can saman kogi yakan iso ba tare da ka ga hadari ba. Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce shi jagora ne, ka nemi ganin katinsa, ku gama ciniki kafin ya buɗe baki ya fara bayani.