Yadda Ake Lura da Ƙarancin Jini ga Mai Cutar Himofiliya

Mai cutar himofiliya, wato rashin daskarewar jini, an haife shi ne da ƙarancin sinadarin furotin da ake kira fakta 8 ko fakta 9. Ko yana karɓar allurar fakta, jinin da ke tsiyaya kaɗan kaɗan ta dasashi ko hanci ko hanji yana cinye sinadarin ƙarfen da jikinsa ke haɗa jini da shi.

Da farko, a riƙa duba yaron da ke da cutar da hasken rana. A ja fatar idonsa ta ƙasa, a kuma buɗe tafin hannunsa. Idan sun yi fari, ko yana haki bayan ɗan gudu a tsakar gida, sai a nufi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A nemi awon himogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launin ja, da na feritin, wato ma'ajiyar ƙarfe a jiki, domin feritin yana sauka tun kafin jini ya nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ƙasa da giram 13 na himogulobin a kowace desilita ta jini ga namiji baligi, da ƙasa da 11 ga yaro ɗan shekara 2 zuwa ƙasa da 5, a matsayin ƙarancin jini. A haɗa da gwajin zazzaɓin cizon sauro, musamman da damina.

Idan likita ya rubuta ƙwayar ƙarfe, a sha ta da ruwan lemon zaƙi, a nisanta ta da shayi, a kuma ci gaba har wata 3 bayan jini ya dawo. Hanta da wake da zogale suna taimakawa. Kada a yarda da allurar cikin tsoka, kada kuma a sayi asfirin ko ibuprofen a kemis. Ƙaho da cire beli kuwa, a ganina, ko zancensu bai kamata a yi ba, kaciya ma sai a asibiti bayan an tanadi fakta.

Akwai furotin da jiki ke ƙerawa don yaƙar faktar da ake yi wa mutum allurarta, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na masu tsananin rashin fakta 8 suna samunsa, galibi cikin allurai 50 na farko. Saboda haka a rubuta ranar kowace allura a littafi. Idan gwiwar da ta kumbura saboda zubar jini ta ƙi saɓewa bayan allura, a sanar da likita a ranar. Wanda aka taɓa ƙara wa jini ko ruwan jini, a gwada masa ciwon hanta nau'in B da C, a auna albumin ɗinsa, wato wani furotin da ke cikin jini, tunda hanta ce ke samar da shi.