Yadda za ka gane ko farautar zaki ta masu kuɗi tana tsare daji ko cinye shi take yi

'Yan uwa, duk sanda anka tada maganar attajiran nan da ke biyan daloli su harbi zaki su tafi da kai da fata su rataya a falo, sai ka ga an rabu biyu, wasu su ce zalunci ne tsantsa, wasu su ce ai kuɗin nan ne ke tsare dajin. Kada ka yi saurin bin kowa, akwai abin da za ka bincika tukuna.

Fara da tambayar wane zaki anka harba, don nan ne maganar take. Namijin da ke riƙe da garke in ya faɗi, baƙon namiji zai zo ya gaji matan, kuma aikinshi na farko shi ne ya bi 'ya'yan da ya tarar ya kashe su don zakanyoyin su haifa mishi nashi, ka ga harsashi ɗaya anka harba amma gawa ta fi ɗaya. Shi ya sa Tanzaniya ta sa dokar sai zaki ya kai shekara 6. To in an nuna maka hoton, dubi hancin, na matashi ja-ja ne mai haske, yana tsufa yana yin ɗige-ɗige har ya koma baƙi, geza kaɗai ba ta isa shaida ba. Tuna Cecil, zakin da wani likitan haƙori ɗan Amurka ya harba da kibiya a 2015 bakin gandun Hwange a Zimbabuwe, bayan ya biya wajen dala 50,000, alhali zakin na ɗauke da na'urar masu bincike na jami'ar Okisfod a wuya.

Sai ka bi sawun kuɗin. Zimbabuwe ta fara shirin CAMPFIRE na ba ƙauyuka rabo daga kuɗin farauta a 1989, Namibiya ta ba ƙauyuka iko da namun dajinsu a 1996, duk don mutanen da ke kwana kusa da zaki su ga amfaninshi. Amma ba a takarda za ka duba ba, tambayi ina rijiyar, ina asibitin, nawa anka ba makiyayin da zaki ya kada wa saniya? Wallahi in bai samu ko sisi ba guba zai barbaɗa a mushen, zakuna su ci, kuraye su ci, ungulaye su sauko su ci, duk su mutu rana ɗaya. In kuɗin a aljihun mai kamfani da jami'in birni sunka tsaya, to ba kiyaye daji ake ba, kasuwanci ne.

Tambayar da masu tsanar farautar ba su son ji, kuma dole ka yi ta: in an hana, wa zai biya masu gadin dajin? Kenya ta haramta tun 1977 amma namun dajinta sun ci gaba da raguwa. Mu nan ba sai an ba mu labari ba, mun ga abin da dajin Kuyambana da na Kamuku sunka koma da babu mai kula da su. Wagga hujja tana da nauyi, ni ban raina ta.

Na Afirka ta Kudu kuwa da ake kiwon dubban zakuna a keji a saki ɗaya cikin shinge a harbe, wanga kada ma ka ɓata lokaci kanshi, ba farauta ba ce, babu sarkin bakan da zai kira shi haka.

Daga nan ka dawo gida ka yi lissafi. Binciken 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma duka ba su wuce wajen 400 ba, mafi yawansu suna gandun W da Arly da Pendjari, W ɗin nan da ke can gaba da Kamba in ka ƙetara iyaka, mu kuwa a Najeriya ba su kai 50 ba tsakanin Kainji da Yankari. A wanga yanki babu zakin da ya yi saura balle a ce a sayar da ranshi, ko dala nawa za a zube. Kuma mu mun taso da hadisin da ya ce ko ɗan tsuntsu ka kashe don wasa za a tambaye ka, ina ga manyan dawa, wanda ba namanshi za ka ci ba, hoto kawai kake so.

In ka ga mai magani ya baza guntun fata ko kitsen zaki a kasuwa kada ka saya, in ma na gaske ne to da wuya a ce ba cikin waɗanga 'yan kaɗan ɗin anka cire shi ba.