Kafin ka zaɓi Electron ko Qt, je ka leƙa kwamfutar mai shago

Wani mai shagon magani a unguwarmu ya taɓa ba ni aikin manhajar lissafin kaya. Na zauna da MacBook ɗina na rubuta ta da Electron, ɗaya daga cikin kayan aikin gina manhajar kwamfuta, ta fito tas. Da na kai masa a filash, sai na tarar da tsohuwar Dell 'yar gwanjo, RAM giga 4, Windows 7. Manhajar ko buɗewa ta ƙi yi. Ashe tun Electron 23, a 2023, aka daina kula Windows 7. Alhaji ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Malam, aikin wata biyun ke nan?"

Yanzu kafin in rubuta layi ɗaya, sai na je na ga injin da ido. Danna maɓallin Windows tare da Pause, za ka ga RAM da irin Windows ɗin. In duk kwamfutocin wurin Windows ne, ba kuma mai shirin sayen Mac, to ka manta da zancen manhajar da ke gudu ko'ina. Yaren shirye-shirye na C# da WinForms, kayan gina manhajar Windows na Microsoft, sun wadatar.

In da gaske akwai Mac ko Linux, nan ne zaɓi ya taso. Electron yana ƙunshe Chromium (tushen burauzar Chrome) da Node.js (mai gudanar da JavaScript) sukutum a cikin kowace manhaja, kamar ka ƙara wa mutum Chrome na biyu. Shi ya sa ko wadda ba ta tsinana komai tana haura mega 100 in an girka. VS Code da Slack da Discord duk da shi aka gina su, kuma in ka iya JavaScript babu abin da ya kai shi saurin gama aiki. Sai dai ka tuna da wanda zai sauke sabon zubi da datar wayarsa. Tauri, kishiyar Electron da ta fito a 2022, aron burauzar da ke cikin injin take yi, WebView2 a Windows, WebKit a Mac, don haka ba ta da nauyi. Amma shafin da ya zauna daidai a nan yana iya karkacewa a can.

Ni dai Qt, wani kayan aikin na gina manhajar da ke gudu a Windows da Mac da Linux, na fi yarda da shi. Tun 1995 yake, daga Norway, kuma da shi aka yi VLC da OBS da Telegram na kwamfuta. In da Python za ka yi, kula da lasisin PyQt da PySide, waɗanda ke haɗa Python da Qt: PyQt ko dai ka saki lambar manhajarka (code) ga kowa a ƙarƙashin lasisin GPL ko ka biya, PySide kuwa lasisin LGPL mai sassauci gare ta, kana iya sayar da manhajarka a rufe in ka bi sharuɗɗanta.

Kowanne ka ɗauka, ka fara haɗa taga ɗaya tak mai akwatin rubutu da maɓallin firinta, ka gwada a kowane injin. Rubuta Ɗanlami da Ɓaidu da ƙwaya, ka buga rasit. 'Yan ƙananan firintocin nan na rasit sun sha mayar mini da ƙ alamar tambaya, sai da na koma tura rasit ɗin a matsayin hoto. Ga kuma Mac: in ba ka biya Apple dala 99 a shekara ka sa wa manhajar hannu na dijital ba, gargaɗi za ta riƙa yi wa mai buɗewa.

Ta Alhaji da PySide2 na sake ta, a kan Qt 5.15 da Python 3.8, su ne na ƙarshe da ke karɓar Windows 7. Ƙorafinsa yanzu ɗaya ne, wai rubutun ya yi ƙanana, in ƙara masa girma.