Yadda na gyara kwanar da na kusa buge yaro

A hanyar da masu keke da masu tafiya a ƙasa ke bi tare, akwai wata kwana da na kusa buge wani yaro da magariba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Da farko na zargi birki, har na canza robarsa. Sai da na koma na tsaya a wurin na gane inda gizo ke saƙa: ciyayi da rassa sun rufe cikin kwanar, ba ka ganin mai tahowa sai kun yi kiciɓis. Keke mai gudun kilomita 20 a awa yana cin fiye da mita 5 a daƙiƙa guda, kafin hannu ya kai birki an riga an iso.

Na nemi izinin masu kula da hanyar, ni da wasu mutum biyu muka sassabe ciyayin, muka datse duk reshen da ke tare ido, muka ja farin layi a tsakiya. Kekena kuma na sa masa ƙararrawa da fitila gaba da baya. Yanzu tun kafin kwanar nake rage gudu in kaɗa ƙararrawa, kuma ina hango mai tahowa daga nesa.