Yadda Ɗan Ƙwallon Kwando Zai Shirya Wa Rayuwa Bayan Ya Ajiye Wasa

Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas wanda ya ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, tare da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995, ya ajiye wasa a 2002 yana ɗan shekara 39, bayan kaka 18. Wanda yake son ya fita daga fili da ƙafarsa, ba tare da ya koma roƙon tsofaffin abokai ba, zai sami hanya mai kyau a cikin abin da wannan bawan Allah ya yi.

Ka fara tanadi tun albashi yana shigowa, domin ranar da gwiwa ko baya suka ƙi, da zarar kwantiragi ya ƙare kuɗin ma tsayawa suke yi. Olajuwon ya soma sayen filaye da gine-gine a Houston tun yana tsakiyar ganiyarsa. A 1994 ya sayi wani tsohon ginin banki a tsakiyar birnin, wanda daga baya aka mayar da shi masallaci da cibiyar da'awa.

Abin da ya fi burge ni, kuma shi ne zan fi jaddadawa, shi ne yadda yake saye. Kasancewarsa Musulmi mai gudun riba, ba ya cin bashin banki don ya sayi kadara. Kuɗi hannu yake biya. Ga tsohon ɗan wasa wannan tsari yana da fa'ida ta zahiri, domin wanda babu bashi a wuyansa ba ya gaggawar sayar da fili idan kasuwa ta faɗi, yana iya jira har farashi ya farfaɗo, kuma mai sayarwa yakan fi sakin jiki da wanda zai biya nan take. Don haka ka sayi abin da aljihunka zai ɗauka, ko da ƙarami ne, ka kuma tsaya a garin da ka san titunansa.

Sai ka duba abin da jikinka ya koya wanda ba ya tsufa. Shi Olajuwon, salon takunsa a ƙarƙashin raga ne, wanda ya samo asali daga ƙuruciyarsa ta mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa. Taurarin NBA ma sun neme shi: Kobe Bryant ya je wurinsa a 2009, LeBron James kuma a 2011, suka tsaya a gabansa kamar ɗalibai, yana nuna musu inda za su dasa ƙafa, da yadda za su ruɗi mai tsaro da kafaɗa kafin su juya. Ka koyi bayyana fasaharka da baki tun kana wasa, domin iya yi daban, iya koyarwa daban.

Ka kuma tanadar wa ranakunka abin da zai cika su idan atisaye ya ƙare. Olajuwon ya zauna shekaru a ƙasar Jodan da iyalinsa yana ƙara karatun addini, yana komawa Houston lokaci-lokaci don harkokin kasuwancinsa da horar da 'yan wasa.