Kurakuran da sababbin 'yan wasa ke yi a wasannin kiwon dabba masu ban tsoro

Na gaji da ganin samarin unguwarmu a Katsina suna sauke waɗannan wasanni, su ɓata su cikin dare ɗaya, sannan su ce ba su da ma'ana. Tushen wannan salo shi ne Tamagotchi, ɗan abin wasa na hannu wanda kamfanin Bandai ya fitar a Japan a 1996, inda ake ciyar da wata 'yar halitta, a share mata ƙazanta, idan aka yi sakaci ta mutu. Pou na 2012 da My Talking Tom na 2013 su suka saba mana da irin wannan kiwo a waya, daga baya masu shirya wasannin ban tsoro suka ari siffar, suka cusa mata zaɓi masu nauyi, kamar a bar dabbar da yunwa domin a tsira, ko a yi mata biyayya ta cutar da wani.

Babban kuskure shi ne danna zaɓin mugunta tun a zagayen farko, wai don a ga abin da zai faru. Da yawa daga cikin wasannin nan suna adana abin da ka aikata da kansu, ba tare da sun tambaye ka ba, kuma ƙarshen labarin yana rataye ne a kan yadda ka riƙi halittar tun daga farko. Wanda ya doke ta da safe bai kamata ya yi mamakin abin da za ta yi masa da dare ba. Ni dai al'adata ita ce in buga zagayen farko yadda zan yi da a ce akuyar gidanmu ce, in rubuta kowane zaɓi a takarda, sai a zagaye na biyu in bi baƙar hanyar ina sane. Haka kuma ba na tsallake rubutun da ke fitowa, domin a cikinsa ake ɓoye gargaɗi.

Kuskure na biyu ya fi ɓata mini rai, wato miƙa wa ƙananan yara wayar saboda hoton dabbar yana da ban sha'awa. Haba jama'a! An zana manyan idanun nan da gangan ne domin a yaudari ɗan wasa. Wata rana da na je Daura gidan yayana, ɗansa ya ɗauki wayata ya buɗe irin wannan wasa, ya ga halittar da yake ciyarwa ta rikiɗe, daren nan kuwa ba wanda ya runtsa a gidan. Da safe yayana ya ce mini, "Ƙanena, in ka sake shigo mini da wannan abu, a zaure za ka ajiye wayarka." Har yau mahaifiyar yaron ba ta yarda ya zauna kusa da ni idan waya na hannuna. A duba shekarun da Play Store ya rubuta, 12+ ne ko 16+ ko 18+, kuma a sa wa wasan makulli.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Kada a kashe sauti, domin a Tattletail na 2016, wanda ake bugawa a kwamfuta, da kunne ake gane cewa uwar halittar ta matso, kuma ɗan nata yana fara surutu idan ya ji yunwa ko cajinsa ya yi ƙasa. Kada a kalli ƙarshen wasan a YouTube kafin a buga shi. Kada a karɓi fayil daga aboki ta Xender ba a san inda ya samo shi ba. A cika caji kafin a zauna, tunda ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba, kuma wasu wasannin sukan mayar da mutum farkon matakin da yake idan waya ta mutu a tsakiya.